Daminar da Muka Buga Balo a Bayan Zana

Bana ruwa ya sauko da wuri. Muka yi shuka, gero ya fito har ya rufe idon sawu, sai sama ta ɗauke kamar an share ta da tsintsiya. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Cikin wannan zaman jira ne, ran Lahadi, gida ya ishe ni, na ce bari in leƙa fili in ga yaran garinmu, don na ji suna da wasa da wata ƙungiya daga wajen Mayahi.

Na sayi tike a ƙofa. Mai yagar takardun ya gane ni, ya ce, "A'a, Baba Rabe, tsohon gola da kansa! Ai da ka yi magana kawai." Na ce masa ya karɓa. Da na shiga sai na tarar da masu kallon duka ba su fi a zuba su a mota guda ba. A waje kuwa samari sun cika wurin mai shayi, sun juya wa katanga baya. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa mini cewa kuɗin tike ɗin zai kai shi gidan kallo ya ga wasan Turai, har ya yi ragowar na shayi. Na zauna a kan benci ina jin ƙarar ƙafa a jikin balo, ina jin numfashin 'yan baya. Wannan shirun na san shi. Na taɓa tsayuwa a cikinsa damina guda cur, shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Ƙungiyarmu sunanta Aduwa, saboda wata tsohuwar aduwa da ke kusurwar filinmu a gefen Tasawa. Ni ne mai tsaron gida. Filin ba katanga, ba ƙofa. Rairayi ne da turaku, da toka da muke ja wa layi. Ranar wasa duk gari ke zuwa. Mahauta su rufe tukuba, teloli su bar keke, mutanen ƙauyukan Hawandawaki su zo a kan amalanke, su ɗaure shanunsu a inuwa. Mata masu gyaɗa da fanke su jeru bayan raga, in muka ci su rangaɗa guɗa. Innarmu ba ta taɓa zuwa fili ba, amma daga tsakar gida takan san yadda aka tashi. Bayan wasa a zagaya da ƙwarya, kowa ya jefa abin da ya samu, da shi ake sayen balo da sabulun wanke mayo, rigunan wasanmu.

Shekarar da muka hau gasar jiha ita ce shekarar da damina ta ci amanarmu. Ruwa ya tsaya gero yana ciki, abin da ya tsira kuma fara ta sauka ta ƙarasa shi. A gidanmu mu shida ne: Inna, da yayana Lawali, da matarsa Habsu, da 'ya'yansu biyu, da ni. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Yaya Lawali ne uban gidan. Inna ba ta kiran sunansa tunda ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba. Abin da muka girbe a shekarar ko ƙugun rumbu bai kai ba. Kafin sanyi ya wuce Habsu ta fara shiga cikin rumbun da kanta tana tattara tsaba da tafin hannu.

Gasar jiha kuwa ba wasan unguwa ba ce. Sai an je Maradi, an je Mayahi, an je Dakwaro, kowace tafiya da kuɗin mota da na esansi, wato man da za ta sha. Arbit ma, alƙalin wasa, daga nesa ake turo shi, a ciyar da shi, a sallame shi. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Mamman, mai shagon atamfa ne, shi ke cike gibin duk abin da ya rage. To wa ke sayen atamfa a shekarar yunwa? Ƙwaryar da ake zagayawa da ita ma ta fara dawowa kusan yadda ta tafi. Sai manyan ƙungiya suka zauna suka yanke cewa a kewaye filin, a yi ƙofa, a riƙa sayar da tike. Suka ƙara da cewa ba wanda zai shiga kyauta, ko uban ɗan wasa ne, don a Tasawa in aka ce 'yan uwan 'yan wasa su shiga, to garin ne duka zai shiga.

Mu muka kafa shingen da hannunmu, a tsakiyar bazara. Rairayi ya yi zafin da in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa. Muka tara kara da tsofaffin zana da buhunan da aka farke, mutanen unguwa suka fito suka taya mu. Yaya Lawali ya kawo amalanken jakinsa ya yi ta jigilar itace, sannan ya ɗauki dagi ya haƙa ramukan gefen gabas shi kaɗai. Gumi yana zuba daga haɓarsa cikin ramin, yana dariya yana cewa, "Ku kafa da kyau, kar mutanen Maradi su zo su raina mu." Ba na jin a ranar akwai wanda ya tsaya ya yi tunanin wane gefen shingen zai kasance.

Gasar ta fara a makare, ta ja har cikin damina. Kafin ruwa ya sauko, abincin gidanmu ya koma anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci. Habsu takan jiƙa ta kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, duk da haka in ka ci sai ka ji shi a maƙogwaro har washegari. Da safe farau-farau, ruwa ne da ɗan gari a ƙasan ƙwarya, kowa ya kurɓa ya miƙa. Kowace kasuwa tiyar hatsi sai ta ƙara kuɗi. Mata suna kwana a layin pompo, awaki suna cin leda da tsumma. Yaya ya sayar da tumakinmu ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan farko da rana tsaka ya zo. Iska ta fara kawo ƙanshinsa tun kafin a ga ɗigo, wannan ƙanshin ƙasa da ke sa tsoho ya miƙe zaune. Yara suka fita tsirara suna ihu. Inna ta shiga ɗakinta ta fito da wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka tun kaka, ta fasa a gabanmu. Iri ne. Duk yunwar da aka sha ba ta bari an taɓa shi ba. Washegari tun asuba muna gona. Ni da Yaya muna gaba da sungumi muna sara, Habsu da Inna suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Rairayin ya yi sanyi, ƙafa tana nutsewa. Ranar har waƙa Habsu ta yi.

Da noman farko ya zo, sai lokaci ya ƙi isa. Mushe Abdu, malamin lakwal da ke horar da mu, wanda muke kira Mushe yadda ake kiran malaman boko, yana son mu a fili kullum da yamma, wani lokaci har da safe. Gona kuma tana son mutum daga fitowar rana har azahar, sannan ya koma. Yaya ya dube ni wata safiya ina jan hauya ina hamma, ya ce, "Rabe, aje. Tahi wurin Mushe. Layukanka ni zan ɗauka."

Na ce, "Yaya, gonar ta yi ma mutum guda yawa."

Ya ce, "Gidan nan manomi bai ƙare ba, amma gola guda ne a garin. Tahi."

Na tafi. Kuma ba don horo kaɗai nake saurin tafiya ba. Daga kuɗin ƙofa ake dafa wa 'yan wasa abinci a gidan Alhaji Mamman. Shinkafa da wake da mai, ranar wasa kuma burodi da sardin, wani lokaci har da tsokar nama. Ranar farko na nemi leda zan ɗaure nawa in kai gida. Mushe Abdu ya riƙe mini hannu, ya ce, "Rabe, na san abin da ke gidanku, don shi ke gidana. Amma in kowa ya ƙulle nasa ya tahi da shi, ran Lahadi wa zai yi gudu? Ci a nan in gani." Na ci. Ba zan ce ban ji daɗinsa ba. Na cinye har na suɗe kwano.

Da na koma gida, Nana 'yar Yaya, wadda lokacin ba ta wuce goyo da yawa ba, ta zo ta hau cinyata yadda ta saba. Sai ta kama yatsuna ta kai hancinta. Ta daɗe tana shinshina. Habsu na gefe tana tsinke tafasa, ta ɗaga kai ta gani, ta mayar da kanta. Daga ranar nakan tsaya a bakin pompo in goge hannuna da rairayi da ruwa kafin in shiga gida.

Wasanmu na farko a bayan zana, mutane sun zo, amma ba su kai rabin na da ba. Na biyu suka ragu. Kuɗin da aka samu bai kai na motar tafiya ta gaba ba, sai manya suka ƙara kuɗin tike, wai waɗanda ke zuwa su cike gurbin waɗanda ba sa zuwa. Wasa na gaba su ma suka ragu. Aka sake ƙarawa. Daga ƙarshe waɗanda suka rage ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa kaɗan, su zauna a benci su harɗe ƙafa. Mutanen kirki ne, amma ba su san waƙoƙinmu ba, ba su san kirarin kowa ba. In muka ci sai ka ji tafi raf-raf kamar ana kakkaɓe tabarma. Masu gyaɗa sun daina zuwa tunda ba mai saye. Inna ta ce mini, "Ni kam yanzu ban san ranar da kuke wasa ba."

Mutanen ba gida suka zauna ba. Suna nan a bayan zanar. Ni da ke tsaye a raga, bayana kusa da shinge yake, ina jin motsinsu, ina jin tarinsu. Wani ya huda buhu da tsinke ya sa ido, masu gadi su zo su toshe. Matasa suka riƙa hawa aduwar nan duk da ƙayarta, suna faɗa wa na ƙasa abin da ke faruwa. Aka ce ana kallon sata, aka sa masu gadi suka sassare rassan da ke kallon fili. Wata tsohuwa da ke zuwa tsinkar ganyenta don miya ta tsaya tana kallon rassan a ƙasa, ta ce, "To, kun hana kallo, kun hana miya. Allah ya ba ku sa'a." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tsince abin da za ta iya ta tafi.

Muka fara shan kashi a gida. Baƙi sukan zo su yi wasa hankali kwance kamar a filinsu, ba mai ruɗa su. Da, in ƙafafunmu suka mutu, ihun mutane ne ke ɗaga mu. Yanzu in ka gaji ka gaji ke nan.

Wata rana na kai wa Yaya ruwa gona. Na same shi a gindin kalgo, don gawon da ke tsakiyar gonar ya zubar da ganye yadda yake yi da damina, ba shi da inuwa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na ce masa, "Yaya, ko sau ɗaya ka shigo ka gan ni. Tunda munka hau ba ka ga wasana ba."

Ya sha ruwan, ya goge baki. Ya ce, "Rabe, tike ɗin nan rabin tiya ne. Rabin tiya kuwa kunun Nana ne. In shiga in zauna ina tafi, in fito in ce ma Habsu mi?"



Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai kama balo. Ina nan bayanka duk Lahadi, kusa da aduwa. Kunne ba a yanka mishi tike."

Ban san yana zuwa ba sai ranar. Daga nan duk tarin da na ji a bayan zana sai in ce nasa ne.

Lokacin maimai ruwa ya sake ɗaukewa. Ganyen gero ya naɗe kamar karan sigari, ciyawa kuwa ba ta fasa fitowa ba. Muka tafi wasa Mayahi a bayan wata tsohuwar mota, muka ci taliya da sardin a hanya, aka ci mu, muka juyo. Muna isowa ana kiran magariba. Na tarar da Inna tsaye a ƙofar gida, abin da ba ta yi. Ta ce, "Babba ya faɗi a gona."

Maƙwabtan gonarmu ne suka gan shi kife a kan hauya, suka ɗora shi a amalanke suka kai asibiti. Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya ce zazzaɓin sauro ne, amma ya samu jikin da ba kome a cikinsa. A nan Habsu ta faɗa mana cewa ya daɗe yana tura wa yara rabonsa na safe, ya ce zai sha a gona, sannan ya ɗaure cikinsa da rawani ya fita. Da suka kwance rawanin a asibiti, shatinsa ya fito a fatar kamar an ɗaure dami. Ina tsaye a kansa, warin sardin yana taso mini daga maƙogwaro.

Da ya farfaɗo aka dawo da shi gida, na durƙusa gefen tabarmarsa na ce na bar balo, gobe zan koma gona. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da na sunkuya. Ya ce, "In ka bari yanzu, ka maida nomana na banza ke nan. Saura wasa nawa?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "To ƙarasa."

Mushe Abdu ya ji labari. Washegari, maimakon horo, ya ce kowa ya zo da hauya. Muka jeru a gonarmu mu duka, kafaɗa da kafaɗa, muka kama maimai tun daga gefen hanya. Ƙura tana tashi, ƙarfe yana shiga rairayi yana fita da sauti ɗaya. Manoman da ke kusa suka ajiye aikinsu suka matso bakin iyaka. Wani dattijo, Baba Nomau, wanda tun ina yaro ba a wasa ba shi, ya jingina da hauyarsa yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kirarin kowa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku taho! Yau ga 'yan Aduwa kyauta! Mushe, ko kallon noman ma sai da tike?"

Mutane suka fashe da dariya. Dariya ce ta gaskiya, ba ƙeta a cikinta, har da masu tafi. Mushe Abdu ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har muka kai ƙarshen layi. Matansu suka kawo mana ruwa a tulu, suna ba da haƙuri wai ba su da abin da za su ba masu gayya sai shi. Mu da muka karya da shinkafa. Na karɓi moɗar na sha.

Kwana kaɗan bayan haka sama ta saki. Aka yi ruwa mai nauyi, irin wanda ke cika tabki a yini guda, kwaɗi suka dawo, gero ya warware ya yi duhu. Amma duk manomi ya san ba lokacin da yunwa ta fi cizo kamar wannan, abinci yana tsaye a gona kore shar, ba halin taɓawa. Yaya ya sayar da jakinsa a makon.

Wasan ƙarshe a gida ne, da mutanen Mayahi. In muka yi kunnen doki mun tsira a gasar, in aka ci mu mun faɗo. Mu 'yan wasa muka je wurin Alhaji Mamman muka roƙe shi ya buɗe ƙofa ranar, ko sau ɗaya. Ya saurare mu har muka gama. Sannan ya nuna mana inda yake jingine babur ɗinsa a zaure, wurin ba kome. Ya ce, "Da shi kunka tahi Dakwaro. In na buɗe ƙofa, da mi zan sallami arbit? Ku faɗa mini, in yi." Muka tashi muka fito.

Ranar an yi ruwa da safe, rairayin ya yi nauyi, rana ta fito da zafin nan mai ɗanɗanon tururi. Cikin fili mutane 'yan kaɗan ne kamar kullum. Bayan zana kuwa ban taɓa jin taro irin na ranar ba. Ba hayaniya suke ba, amma shingen har lanƙwasa yake. Na san Yaya yana cikinsu, don na ga Habsu tana neman masa sanda da safe.

Muka kai kusan tashi ba wanda ya ci. Sai ɗan bayanmu ya zame a laka ya kwashe ƙafar ɗan gabansu a gaban raga. Arbit ya busa fenariti. Ɗan benci guda ya ce, "Shi ke nan." Daga bayan zana na ji wata murya tana tambaya, "Mi ya faru? Mi anka busa?" Ba wanda ya ba shi amsa, don ba mai gani.

Mai bugun dogo ne, ya ajiye balo ya ja da baya. Na tofa yawu a tafin hannu. Ya taho, na faɗa dama, balon ta bugi hannuwana biyu ta kuɓuce, na rarrafa na kife a kanta da ƙirji, bakina cike da rairayi. 'Yan benci suka yi tafinsu. A waje kuwa tsit. Sun ji bugu, sun ji tafi, amma ba su san ko na baƙi ne ko namu ba. Ina kwance a kan balo ina jin garinmu duka ya riƙe numfashi a bayan buhu da kara, taku kaɗan daga inda nake. Sai wani yaro da ya lallaɓa ya maƙale a kututturen reshen aduwa ya ƙwala, "Ya kama! Rabe ya kama!"

Ihun da ya tashi ban taɓa jin irinsa ba, da can ko bayan nan. Guɗa ta tashi daga can baya, wata ta karɓa, wata ta karɓa, har cikin unguwa. 'Yan Mayahi suka tsaya suna waige-waige, sun rasa daga ina mutanen suka fito. Ni kuma na kasa tashi. Abokan wasana sun zaci ciwo na ji.

Da aka tashi ban tsaya cin abinci ba. Na fita da mayona na zagaya bayan shinge. Mutane suka yi ta dafa ni, mutanen da ba su ga kome ba suna yi mini barka. Na same shi zaune a kan saiwar aduwa, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Ya kama hannuwana biyu ya juya su yana dubawa. Ya ce, "Ni tun kafin yaron can ya yi magana na sani. Ƙarar hannu daban, ƙarar raga daban."

Mun tsira a gasar. Bayan mako biyu aka fara gasa tumu a gonaki, yara suka dawo da wasa a tsakar gida, kumatun Nana suka ciko. Kakar ba ta yi laifi ba. Zanar kuwa gara da awaki suka gama da ita kafin bazara. Shekarar da ta biyo aka kafa wata, aka rage kuɗin tike sosai, amma mutanen ba su dawo yadda suke ba. Masu amalanke sun saba da zama ƙauye ran Lahadi, masu gyaɗa sun sami wani wurin, gidajen kallo sun fara buɗewa a gari. Alhaji Mamman ya gaji ya janye. Ƙungiyar Aduwa ba ta ƙara shekara biyu ba ta watse.

Yaya bai ga ko wannan ba. Ana gama girbi ya tafi ci-rani don ya mayar da jaki da tumakin da aka sayar, tafiyar da ta ɗauke shi shekaru. Kafin ya dawo gwiwata ta lalace, na koma gyaran babur. Duk wasannin da na buga a gasar jiha, wanda ya noma mini layukana bai ga ko ɗaya ba.

Ran Lahadin nan da na fito daga fili, gidansa na wuce. Ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya gane mutum da murya. Na same shi a ƙofar gida da maƙwabtansa, suna jiran magariba suna duban gabas ko hadari zai yi abin kirki. Na gaishe shi na zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga fili, Yaya."

"Da mutane?"

"Babu."

Ya girgiza kai. Sai ya juya wajen maƙwabtan, ya gyara zama, ya ce, "Ku ba ku ga balo ba. Ranar da wanga ya kama fenaritin 'yan Mayahi, ina nan. Mutumin ya taho kamar ingarma, ya saki wata irin balo sama, can kusurwar hagu. Rabe ya tashi kamar shaho, ya cafke ta da hannu guda. Ko ƙasa bai taɓa ba. Ya sauko a tsaye, yana dariya."

Ya ɗaga hannunsa na hagu sama yana nuna musu, yatsun a buɗe. Fuskarsa ta yi haske. Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wanda bai daɗe da tarewa a unguwar ba, ya dube ni ya ce, "Kai, Malam Rabe! Da hannu guda? Haka aka yi?"

Na dubi Yaya. Bai sauke hannun ba, ya karkato da kunne wajena yana jira.

Na ce, "Haka aka yi."